Ƙwaryar da ke jiran kamun wata

Tun ba a san mota a hanyar Gumel ba, wata la'asar a ƙauyenmu kusa da Gagarawa, Kaka ta zauna gindin tsamiya tana ɗinkin ƙwaryar nononta. A daren da ya gabata rana ta kama wata, ya yi ja wur kamar garwashi, gari duk ya fito da kiɗa don ta sake shi. Kaka ta yi ta dukan ƙwaryar da muciya har ta tsage.

Ina kwance a cinyarta, barci yana fizgata, tsamin nonon da ya kama ƙwaryar yana shiga hancina.

Na ce, "Kaka, ai an sake shi. Me za ki yi da fasasshiyar ƙwarya?"

Ta ce, "Zai dawo, 'yar nan. Irin wannan kamun yana da ranarsa, kamar kasuwa. Babana ya ce sai jaririyar da aka haifa yau ta goya nata ɗan, sannan ya zagayo."

"To, sai mu buga tare."

Ta cije zaren, ta shafa kaina. "Ke dai ki buga da ƙarfi, zan ji."

Kamun ya dawo ina da goyo, ita kuwa ta daɗe a ƙasa. Na buga har hannuna ya yi ciwo.

Yanzu malamai sun ce yana tafe kuma. Jiya na sauko da ƙwaryar ina sabunta ɗinkin, sai jikata ta ce, "Kaka, tare za mu buga ko?"

Na daɗe da zaren a bakina, ban cije ba.