Mutanenmu na Florida

Ina 'yar shekara bakwai muna zaune a Setapak, wata unguwa a ƙasar waje, Abba yana digirinsa na uku a labarin ƙasa. Wata la'asar ruwa ya hana ni wasa, na haye cinyarsa yana duba taswirar Amurka. Ya ɗora yatsa kan wata jiha da ta zuro cikin teku.

"Florida ke nan, Ummi. Zafi da ruwa kamar nan, ga fadamu cike da kadoji."

"Su wa ke can?"

Ya ce akwai 'yan asalin wurin da aka kora, da Turawa, da baƙaƙe irinmu da aka kai daga wajenmu.

"Karatu suka je, kamar mu?"

Ya ce, "Sayar da su aka yi. Wasu ma namu ne suka sayar da su."

Na tambaye shi yaushe za su koma gida.

"Jikokinsu ba su san inda gidan yake ba."

Na sauka na je na riƙe zanin Umma. Yau a ƙasar waje nake rainon 'ya'yana, kullum sai na sa sun faɗi sunan garinmu.