Allon Kwata

Mai walda ya yi wurgi da shebur yana huci, laka har gwiwa. Shi da ƙaninsa suka yashe kwatar da ta raba ƙananan hukumomi biyu, ta gabas da ta yamma, bayan ruwanta ya malalo shago ya ƙone masa inji.

Ya gaji da zarya wurin kwamitin haɗin gwiwar da aka kafa don tsaftar yankin. Wakilin gabas ya ce sai na yamma ya turo motar kwasar shara. Na yamma ya ce ai dattin daga gabas yake gangarowa.

Sai ga su yau a mota ɗaya, har da tafawa.

"Sannu da aiki, maigida," in ji na gabas. "Wannan karon bakinmu ɗaya."

"Injina za ku gyara?"

"A'a, allon ƙarfe za ka ƙera mana," in ji na yamma. "A rubuta kwamitinmu ne ya yashe kwatar. Gobe shugabanni za su zo ɗaukar hoto."

Mai walda ya dubi tulin dattin, ya sunkuya ya ɗauki sheburinsa.

"Auta, taso mu mayar musu da kayansu ciki."