Tukunyar Darbejiya

Har yau na tsani warin dafaffen ganyen darbejiya. Ina ƙarama aka dawo da Inna gida Faru bayan tiyatar haihuwa, aka ce kada ruwan zafi ya taɓa ɗinkin. Da la'asar kakata ta ɗora tukunyar wankan jego.

Inna ta ce, "Iya, likita ya hana fa."

"Likita ya taɓa haihuwa? Haka munka yi, tashi!"

Ni na riƙe mata zane. Ɗinkin ya ruɓe, ba ta kai arba'in ba, aka ce kwana ne ya ƙare.

Yanzu ni za a yi wa tiyata. Jiya uwar mijina ta jibge itace ƙofar ɗakina. Amma wallahi ba don ni za a hura shi ba.