Ɗaurin Karen Pasto

Pasto Meshak ya ja ƙullin da hannu, ya ƙara ja da haƙori, sannan ya ce a dakata tukuna, bai gama ba.

Motar ta Malam Gilbert ce, hedimastan Manchok, wanda zai kai Pasto taron pastoci a Kafanchan. Fijo ce sabuwa da ya saya shekarar ƙarin albashin Udoji, kuma kare bai taɓa shiga cikinta ba. Amma kowa ya san ba a ɗaukar Pasto a bar karensa Soja. Tun da matar Pasto ta rasu, karen nan bai taɓa fita ko bakin hanya shi kaɗai ba. In ana wa'azi yana kwance gindin taga. In Pasto ya hau keke ran Alhamis zuwa ziyarar marasa lafiya, yana biye, harshe a waje. Baƙi ne wuluk, sai kunnen hagu fari fat kamar an tsoma shi a kunu. Babu irinsa a duk ƙasar.

Pasto bai ɗaure shi a wuya ba. Ya ce in aka taka birki, igiya za ta shaƙe shi. Sai ya zagaya masa tsohon zani ta ƙirji da hammata, ya sa igiya gajera, ya ƙulle ta a ƙarfen ƙarƙashin kujerar direba. Ta ishe shi kwanciya, ta ishe shi zama, ba ta ishe shi leƙa taga ba. Duk da haka ya roƙa a ɗaga gilashin baya, ga rana tana dukan mota.

A gaba akwai Lucy, matar hedimasta, shugabar zumuntar mata. Ita ba taron pastoci ne ya fito da ita ba. Ƙanwarta Regina, malamar asibiti a Kafanchan, ta yanka kaza tun da safe, kuma Lucy ta ci alwashi yau sai Pasto ya ci tuwon nan ya ba da amsa kan auren Regina. Har ta faɗa wa matan zumunta su fara koyon waƙar biki. In ta koma hannu banza, da wane ido za ta shiga sujada ran Lahadi?

"Baba Pasto," in ji ta, "yadda kake lallaɓa karen nan, da mace ce ai ta huta."

"Hanyar ba kyau, Mama."

Ta waiwaya ta dube shi. Mutum ba mai dafa masa, amma kumatu sai ƙyalli suke. Ta ce a ranta alherin Ubangiji ne, kuma Regina za ta ƙara.

Da dutsen Kagoro ya bayyana, Soja ya tashi zaune. Ya fara kukan hanci, yana kaɗa wutsiya tana dukan kujera. Lucy ta ce ya ji ƙanshin naman kasuwa ne. Pasto ya naɗe ragowar igiyar a hannu, ya ce, "Malam, kada mu tsaya a nan. Mun makara."

Mota ba ta jin roƙo. Suna shiga gari ta ɗauki zafi, tururi ya taso daga gaba, Malam Gilbert ya gangara gefe. Ba ta mutu ko'ina ba sai gaban rumfar Beatrice mai gwate.

Beatrice mijinta ma'aikacin reluwe ne, ya rasu ya bar ta da tukunya biyu da bakinta. Da su ta yi wa gidanta rufin kwano. A Kagoro an san ba ta ragi, ba ta gyara, ba ta kuma gaida mutum don ya sa takalmi mai ƙyalli.

Lucy ta sauka neman ruwan lagireto. Beatrice ta ce ruwan nan da wuyanta ta ɗauko shi daga rafi, mai so sai ya fara sayen gwate. Lucy ta kawo zumunci, ta kawo Basamariye mai kirki, ta kawo sunan mijinta. Beatrice ta ci gaba da juya tukunya. Ƙarshe dai aka sayi gwaten.

A cikin mota Soja na ta fizga. Zani ya riƙe, igiya ta riƙe, ƙarfe ya riƙe. Pasto ya nutse cikin kujera, ya buɗe littafin waƙoƙi daidai fuskarsa, gumi na bin wuyan rigarsa.

"Ka san matar nan, Baba Pasto?" Lucy ta leƙo tana huci. "Ko Fir'auna ya fi ta sauƙi."

"Nakan wuce ta nan," in ji littafin waƙoƙi.

Aka zuba ruwa, mota ta huce. Kare na nan a ɗaure, bai yi ko taku ɗaya a ƙasar Kagoro ba. Pasto ya sauke numfashi. Lucy kuwa ba ta iya tafiya ba tare da ta rama ba. Ta miƙa kwanon tana gyara ɗankwali.

"Ga shi, baiwar Allah. Mu sauri muke yi, za mu kai Pastonmu ya ga amarya."

Beatrice ta ajiye ludayi a hankali. Ta dubi motar, karon farko tun da suka tsaya.

"Amarya? To, Allah ya sa albarka. Amma tunda yau a mota aka zo, ba a keke ba, bari uban ya gaisa da yara."

Ta zagaya bayan rumfa ta ɗaga wani babban kwando. 'Yan kwikwiyo suka tarwatso suna tuntuɓe da juna, suka wuce Lucy, suka wuce hedimasta, suka taru a ƙofar da Pasto yake suna yakushin fentin Fijo, kowannensu baƙi wuluk, kunnen hagu fari fat.