Ina Tsohon?

"Ina tsohon?"

Shago na tara ke nan Dillali ya shiga tun safe, kuma kowane mai kayan mota da wannan tambayar yake tarbarsa. Haka sana'ar take: ka kawo tsohon ƙarfe a jera shi da sabo a kan tebur, a ƙirga haƙora, a gwada ramukan noti. Shi kuwa hannu rabbana ya zo, sai 'yar takardar da bakanike ya rubuta masa: akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, da shaf ɗin gaba, wato sandan ƙarfen da ke juya tayoyin, wanda zai dace da shi.

"Yana gareji, nauyi gare shi," in ji Dillali, yana sharce gumi.

"Abin da bai fi tukunya ba, ƙato da kai?"

Jif ɗin Baba surukinsa ce, kuma shi ya sayar masa da ita shekara uku da suka wuce. Wajen kai takardun motar ma ya fara ganin 'yar gidan. Har gobe in Baba ya zauna cikin abokansa sai ya yi alfaharin cewa bai yi binciken komai ba da aka zo neman aure. Ai yaron da ya samo masa mota mai ja da ƙafa huɗu a wannan farashi, ya ce, ɗan amana ne.

Shekara uku motar ba ta san komai ba sai kwalta: masallaci, kasuwa, asibiti. Kwatsam sai Baba ya sayi gona a ƙetaren rafi, ya kuma gayyaci abokansa uku su je gani ranar Asabar, ga damina ta kankama.

"Taɓo ai wasa ne a wurinta," in ji Baba.

Ruwan da Dillali ke sha ya sarƙe shi. Da ya gama tari sai ya ce, cikin ladabi, a bari ya kai ta a duba mata ƙafar gaba tukuna.

Bakanike ya ɗaga ta, ya shiga ƙarƙashi, ya fito. Ya dubi Dillali, ya sake leƙawa, sannan ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi dariya har da hawaye. Sai da Dillali ya haɗa shi da Allah kada ya gaya wa kowa kafin ya yarda ya rubuta takardar.

Kwana huɗu yana yawo. Aka kawo masa na wata shekarar, haƙori biyu ya fi. Aka kawo na wani injin, ramuka ba su hau ba. Ranar Juma'a, a bayan filin 'yan gwangwan, ya tarar da irin motar sak, ta yi hatsari ta baya amma gabanta lafiya lau. Ya tsaya a rana aka kwance masa, ya rungumo ƙarfen kamar jariri, baƙin mai har a gemu.

Bakanike ya juya shi, ya ƙirga, ya auna.

"Wannan shi ne, maigida. Ka yi ƙoƙari. To, a jikin me zan ɗaura shi?"

Kafin Dillali ya amsa wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce: Baba ya gaji da jira, ya hau tasi yana tafe garejin. Tsoro ya kama Dillali sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ya fara durƙusawa a gaban tsohon. Ya tura ƙarfen ƙarƙashin benci da ƙafa.

Baba ya iso da fara'arsa. Ya zagaya motar yana shafa ta, ya tsaya a bayanta, ya buga but da tafin hannu.

"Gobe za ki nuna musu!"

Wani abu ya faɗo ƙasa, ƙwal. Bakanike ya juya wa kowa baya, kafaɗunsa na rawa. Baba ya sunkuya ya ɗauko ɗan tambarin azurfa mai rubutun 4x4, ya juya shi a hankali, ya kankare abin da ke bayansa da farce.

Tsohon da duk kasuwa ke tambaya ba a taɓa saka shi ba. Ƙafa biyu motar ke ja tun daga kamfani, sauran biyun Dillali ne ya manna mata da gam, da safiyar ranar da ya sayar da ita ga wani tsoho da bai san yana da 'ya ba.