Muryar Umma a Kan Mita

Ƙarfe goma na safe Auta ta shige ɗakin ajiya, ta ja ƙofa, ta kira Baba da wayar Umma.

"Injiniya, ka sha magani ko sai na taso da bulala?"

Har ɗan tarin da ke biyo bayan dariyar Umma ba ta bari ba. Tun tana firamare take kwaikwayon mutane, daga hedimasta har mai gyaran famfo. Yau sati shida ke nan da rasuwar Umma a asibiti. Likita ya ce zuciyar Baba, da bai daɗe da yi mata aiki ba, ba za ta ɗauki labarin ba. Ranar rasuwar yayanta ya miƙa mata wayar Umma, ya ce, "Aku, ga ranarki."

Baba yana falo a kan kujerarsa. Kafin ya kwanta ciwo, wani ƙaramin gidan rediyo ya ba shi aikin tsara na'urar watsa shiri. Dole sai ya san ƙarfin wutar da murya ke ja: matsakaicinsa, da sau nawa yake tsalle sama. In na'urar ta gaza, magana ta shaƙe. In ta zarce, a yi ɓarnar wuta. Muryar matarsa ya ɗauka ma'auni. Tun tana gadon asibiti take kira kullum, ya jona wayar da mitar awon murya, tana zuba yana rubuta inda allura ta kai.

Auta ta ci gaba daga inda Umma ta tsaya. Kullum da fargaba take kira, kada harshe ya zame, zuciyar tsohon ta tsaya.

Bai daina aiki ba. Biro kawai ya canja, daga shuɗi zuwa baƙi. Ya bar tambayar ranar da za a sallame ta daga asibiti, sai dai ya ce, "Ƙara mini minti biyar, lissafin bai cika ba."

Wata rana ya ce, "'Yarki fa ta ƙi abinci, duk ta zama tsinke."

Auta ta cije leɓe. "Ka ce mata in na dawo na same ta haka, ni da ita ne."

Ranar Auta ta cinye kwano guda, tana ci tana share ido.

Bayan wata biyu Baba ya rasu a kujerarsa, da rana tsaka. Mutanen gidan rediyo suka aiko a ba su littafin awon. Auta na buɗawa don ta tabbatar shi ne, idonta ya faɗa kan shafin da baƙin biro ya fara. Kwanan watan na washegarin rasuwar Umma ne.

"Muryarta ba ta taɓa haura jan layi fiye da sau biyu cikin ɗari ba. Yau sau tara. Allah ya jiƙanki, uwargida. Zan ci gaba da ɗauka, yarinyar ma tana bukatar jin muryar uwarta."