Faransancin Mijinyawa

Lokacin kullen korona, maza shida ne a wani flat a unguwar Hor Al Anz ta Dubai, kwamfutarsu ɗaya, kuma fim ɗaya ne kawai ya yarda ya buɗe a cikinta. Na Faransa ne, babu fassara a ƙasa, babu wanda ya taɓa jin sunansa.

Mijinyawa, ma'aikacin cargo mai naɗe wuya da gyale cikin zafin Dubai, ya gyara zama ya ce a kunna, shi zai fassara.

Fim ɗin labarin wani ɗan takarar magajin gari ne, mai tumbi da sanƙo, da ya yi alƙawarin korar baƙi, sai ya kamu da son mai gasa masa burodi, 'yar Aljeriya marar takardu. Suka yi dariya har Ɗantani, babbansu a ɗakin, ya ƙware da shayi. Da mutumin ya ci zaɓe ya rasa matar, dariyar ta ɗauke. Uku daga cikinsu bizarsu ta ƙare.

Izzuddeen, akanta a wani otal a Deira, shi abin ya fi kamawa. Ya sa aka maimaita fim ɗin har ya haddace. Wani lokaci jarumin kan buɗe baki ya rufe, Mijinyawa kuwa ya yi minti guda yana zuba zance.

"Faransanci haka yake," in ji shi. "A dunƙule yake zuwa."

Wurin da Izzuddeen ya fi so shi ne inda ɗan takarar ya tsaya bakin titi, ya leƙa tagar motar matar ya ce, "Ƙasar da ba ta da wurinki, ni ma baƙo ne a cikinta."

Da aka sassauta kulle, ya ɗauki maganar ya kai wa Mahfuza, 'yar Damagaram da ke karɓar baƙi a otal ɗinsu, wadda ya shekara yana gaisarwa bai wuce "ina gajiya" ba. Ta ce a tura mata fim ɗin.

Ranar Juma'a suka haɗu a wani gidan shayi a Satwa. Ta ce fim ne mai kyau, an zalunce shi da ba a san shi ba, ƙarshen ma sai da ta share hawaye.

"Amma maganar nan taka ban ji ta ba. A wurin motar, ce mata ya yi ta matsa, ta tare masa hanya."

Izzuddeen ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuwa ta juya cokali cikin kofi, ta ce ta fi son tasa maganar, kuma Juma'a mai zuwa ba ta aiki.

Ya koma flat yana neman Mijinyawa, bai san ko shaƙe shi zai yi ko rungumarsa ba. Sai ya tarar da Ɗantani shi kaɗai yana guga.

"Alhaji, a wace ƙasa Mijinyawa ya koyi Faransanci?"

Ɗantani bai ɗago kai ba.

"Wace ƙasa kuma? Ɗan Fagge ne, fassarar fina-finan Indiya yake yi kafin ya zo nan. Indiyancin ma ba ya ji."